Firij ɗinka ya daina sanyi? Ga yadda zaka bi shi daki-daki kafin kace gas ne

Duk sanda firij ya daina sanyi maganar farko da zaka ji a bakin mutane itace "ai gas ɗinsa ne ya ƙare", daga nan sai a fara neman wanda zai zo ya ɗura gas. Toh gaskiya gas ɗin firij ba kamar na girki bane da ake ƙonawa ya ƙare, shi a rufe yake ruf cikin bututu yana ta zagayawa, zai iya shekara goma ko sama da haka bai ragu ba sai dai in wani wuri ya huje. Sau da yawa abinda ke hana firij sanyi ƙaramin abu ne wanda kai da kanka zaka iya ganowa in ka saurara da kunnenka kuma ka taɓa da hannunka, ƙura ce ta toshe baya, ko robar ƙofa ta saki, ko wani ɗan rile mai tayar da injin ya ƙone, ko ƙanƙara ta cushe hanyar iska. Don haka tsarin da zamu bi shine a fara daga mai sauƙi a tafi zuwa mai wuya, gas shine zai zo ƙarshe.

Amma bari ka fahimci yadda abun yake aiki tukunna, sabida in baka gane ba duk lalube zakai ta yi. Wancan baƙin injin mai kamar tukunya dake can ƙasa ta baya shine kwamfiresa, aikinsa ya matse gas ya tura shi cikin kwandensa, wato baƙaƙen bututun nan masu kama da raga a bayan firij, wasu kuma an ɓoye nasu a ƙasa ko a cikin jikin bangon gefe. A nan gas ɗin yake fitar da zafi ya koma ruwa, ya bi ta cikin filta, sai ya shiga wani siririn bututun jan ƙarfe da ake kira kafilari, yana fita daga nan sai ya faɗa cikin ebaporeta dake cikin firiza inda yake buɗewa ya zuƙe zafin dake ciki, sannan ya koma wajen kwamfiresa a sake zagayen. Kaga kenan firij kwashe zafi yake daga ciki yana zubarwa waje. Duk abinda ya hana zafin fita ta baya, ko ya bar sabon zafi yana shigowa ta gaba, sanyi zai ragu ko da gas ɗin a cike yake.

Kayan da zaka nema basu da yawa: sukudireba mai kan kuros da mai faɗi, tocila, buroshi mai laushi, tsumma, ɗan ma'aunin zafi in kana dashi, da kuma mita ta gwada wuta da waya. Kuma duk lokacin da zaka kwance wani abu ko ka sa hannu wajen wayoyi ka zare filogi daga soket gaba ɗaya, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Abincin dake ciki kuma ka san yadda zakai dashi, firij in yana rufe ba wuta yana riƙe sanyi kusan awa 4 ne, firiza cikakkiya kan kai awa 48, mai rabi kuma wajen awa 24, in dai ba'a ta buɗewa.

Fara da wuta da kuma lambar da aka saita

Buɗe ƙofa ka duba, fitila tana kamawa? In bata kama ba kuma bakajin motsin komai, toh jona wani abu daban a wannan soket ɗin ka gani ko yana kawo wuta, duba fiyus ɗin filogi in mai fiyus ne, duba wayar ko ɓera ya ci ta ko ta ƙone a wani wuri, shinshina bakin filogin ma, in yana warin ƙonewa ko ya yi baƙi ka canza shi da soket ɗin duka. In kuma fitila na kamawa amma dishi-dishi, sa mita ka auna. Firij da akayi shi don 220 zuwa 240 in wuta ta faɗi ƙasa sosai, misali ta koma wajen 180, kwamfiresa zai yi ta yunƙurin tashi yana kasawa, zakaji yayi gurnani na ɗan daƙiƙu sai "ƙas" ya ɗauke. Wannan ba laifin firij bane, sitabilaiza yake buƙata wadda ta fi ƙarfinsa sosai sabida lokacin tashi kwamfiresa yana jan wuta ninkin ba ninkin abinda yake ja in ya daidaita. Haka doguwar ekstenshan mai siririyar waya, musamman wadda aka jona mata dutsen guga ko hita, tana cinye ƙarfin wutar kafin ta iso. Firij yafi son soket ɗinsa shi kaɗai.

Sai ka duba abin murɗawan nan na ciki, tamostat. A yawancin firij mai lamba 1 zuwa 5 ko 1 zuwa 7, babbar lamba itace tafi sanyi, kuma ba abin mamaki bane yaro ya murɗa shi ya koma 1 ko ma sifili, ko kwano ya goge shi wajen tura kaya. Maida shi tsakiya. Masu allon dannawa kuma ka duba ko an saka su a yanayin hutu ko yanayin talla na shago, a yanayin talla fitila da allo duk suna aiki amma kwamfiresa baya tashi sam, littafin firij ɗin zai nuna maka maɓallan da ake dannewa a fita. Abinda ake so shine ɓangaren firij ya zauna a digiri 3 zuwa 4 na salshiyas, firiza kuma 18 ƙasa da sifili. Ka saka ma'aunin cikin kofin ruwa a tsakiyar firij ya kwana, shine zai faɗa maka gaskiya, hannu yana yaudara.

Ƙofa da robarta

Wannan wurin mutane suna raina shi alhali yana cikin manyan masu laifi. Ɗauki takarda ka saka a bakin ƙofa ka rufe a kanta, sai ka ja. In ta ɗan riƙe toh lafiya, in ta zare salin alin ba wata turjiya nan wurin iska na shiga. Kada ka gwada wuri ɗaya kace shikenan, bi sama da ƙasa da gefen hinji, musamman kusurwar ƙasa inda datti da ruwan abinci ke taruwa su bushe. Wata dabarar ka kunna tocila ka saka ciki da daddare ka rufe, duk inda haske ya leƙo nan ne. Wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu, ka buɗe ninkinta ka goge cikin sosai zaka sha mamakin abinda zai fito. In ta taurare ko ta lanƙwashe a kusurwa, hura mata iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi daga ɗan nesa kana jawota waje da yatsa har ta dawo siffarta, sai ka rufe ƙofar ka barta ta huce a haka, akwai maganaɗisu a cikinta zai kama. Wadda ta yage ko ta farfashe kam sai canji, ka cire lambar samfurin firij ɗin ko ka auna tsawo da faɗi ka nemo daidai ita.

Duba kuma ko ƙofar ta sauka sabida nauyin kwalabe, ɗaure kusoshin hinji, sannan ka murɗa ƙafafun gaba su ɗan ɗaga ta yadda firij zai ɗan jingina baya kaɗan ƙofa ta dinga komawa da kanta. Akwai ɗan maɓalli a bakin ƙofa da yake kashe fitila, danna shi da yatsa ka gani, in fitila bata mutu ba toh kenan tana kunne dare da rana a ciki, in irin tsohon kwan nan ne mai zafi ya isa ya hana saman firij sanyi.

Juya shi ka kalli bayansa

Zare filogi ka jawo firij ɗin. In kwandensa a waje take zakaga ƙura da yanar gizo sun lulluɓe ta, in kuma a ƙasa take sai ka cire murfin baya na ƙasa ko ragar gaba, a nan ne zaka tarar da ƙura ta dunƙule kamar bargo ta rufe bututun. Share da buroshi a hankali kada ka lanƙwasa komai, in akwai injin zuƙar ƙura yafi. Masu kwandensa a ƙasa suna da ƙaramar fanka kusa da kwamfiresa, juya ta da yatsa ka ji ko tana tafiya sumul, wani lokacin leda ce ko tsumma ya maƙale mata, in ka maida wuta kwamfiresa ya tashi ita bata tashi ba toh motarta ta mutu, kuma in babu ita kwamfiresa zai yi zafin da zai dinga ɗaukewa. Wannan sharar ya kamata ayi ta ko sau ɗaya ko biyu a shekara.

Wurin da aka ajiye shi ma magana ce. A bar tazara aƙalla santimita 5 zuwa 10 tsakaninsa da bango, kada a manna shi da murhu ko inda rana ke dukansa, kuma wanda kwandensarsa ke cikin bangon gefe kada a cusa shi tsakanin kabad biyu, ɗumin da kakeji a gefensa ba matsala bane aikinsa yake. Sannan ka duba takardar dake manne a ciki ko a baya, akwai harafin da ke nuna zafin ɗakin da aka ƙera shi ya jure: SN daga digiri 10 zuwa 32, N daga 16 zuwa 32, ST har 38, T kuma har 43. Wanda yake da N aka ajiye shi a ɗakin da zafi ke haura 38 zai ta aiki ba hutawa kuma sanyin bazai kai ba, wannan ba gyara zaka yi masa ba, iska zaka nema masa.

Ciki kuma kada a cusa kaya har su toshe ramukan da iska ke fitowa, kada a saka tukunya da zafinta.

Yanzu ka saurari kwamfiresa

Maida wuta, amma in yanzu ka zare ka jira minti 5 tukunna don matsin gas ya daidaita, in ba haka ba ko lafiyayyen kwamfiresa zai iya kasa tashi. Tsuguna ka kasa kunne ka ɗora hannu a kansa a hankali don yana iya yin zafi sosai. Abu uku ne zai faru, ko dai shiru kakeji, ko yana gurnani yana ɗaukewa da "ƙas" duk bayan minti biyu zuwa biyar, ko kuma yana ta aiki lafiya lau amma ba sanyi.

In shiru ne kuma fitila na kamawa, zargi tamostat. Murɗa shi daga sifili zuwa sama ya kamata kaji ɗan ƙara. Zare wuta, kwance akwatinsa, ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka cire ko ɗaya, wannan hoton zai cece ka anjima, sai ka saka mita a wurin da take ƙara in waya ta haɗu, ka taɓa ƙafafunsa biyu. Tunda firij ɗin da ɗumi kuma ka murɗa shi sama dole ya nuna a haɗe yake, in bai nuna ba ya mutu. Wajen saka sabo ka lura da siririn bututunsa, kada ka karya shi kuma ka maida bakinsa daidai inda tsohon yake manne. A firij mai taima, wato ɗan agogon dake kunna narkar da ƙanƙara, kuma shirun na iya zama taimar ce ta maƙale a lokacin narkar da ƙanƙara, zamu zo kanta.

In kuma mai "ƙas ƙas" ɗin ne kuma ka tabbatar wuta ta kai, toh yawanci rile ne. A gefen kwamfiresa akwai baƙin murfin roba, ɓalle shi zakaga abu biyu a soke jikin ƙafafu uku, rile da obalod. Rile shine ke ba kwamfiresa turin farko ya tashi, obalod kuma shine mai yanke wuta in ya ja da yawa ko yayi zafi, wannan ƙaran da kakeji nasa ne. Zare rilen ka girgiza shi kusa da kunne, irin na zamani yana da ɗan faifai a ciki, in kaji yana kacau-kacau kamar tsakuwa toh faifan ya farfashe, wani ma zakaji ƙaurin ƙonewa. Da mita kuma in yana a huce yakan nuna om kaɗan, om shine ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa wuta, galibi an rubuta a jikinsa kamar 12 ko 15 ko 22 ko 33, in ya nuna a buɗe, wato hanyar wuta ta yanke, ko ya kauce nesa da abinda aka rubuta sai a canza. Obalod shi kuma a huce dole ya nuna a haɗe. Ka tafi da tsofaffin hannunka ka sayo irinsu, kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne", obalod yana tafiya ne da girman kwamfiresa. In akwai kafasita a wurin, ɗan gwangwanin nan mai tara wuta, ka kula tana iya riƙe wuta bayan an zare filogi, kada ka taɓa ƙafafunta da yatsa, in ta kumbura ko tana zubar da mai ta tashi aiki.

Tunda ka riga ka cire su, gwada kwamfiresan kansa. Ƙafafu ukun nan sune C da S da R, wasu suna rubuta M a madadin R. Auna su bibbiyu ka rubuta. Tsakanin S da R ne zai fi yawa, kuma ya kamata ya zama jimillar sauran biyun, misali in C da R sun baka 15, C da S sun baka 25, toh S da R su baka kusan 40. In wani ya nuna a buɗe waya ta tsinke a ciki. Sai ka kankare ɗan fenti ko ka taɓa bututun jan ƙarfe da tsinken mita ɗaya, ɗayan kuma kan kowace ƙafa, nan bai kamata mita ta nuna komai ba, in ta nuna toh wuta na shiga jikin ƙarfe, kada ka sake jona shi don zai iya jan mutum. In duk awon yayi daidai, ka saka sabon rile, wuta lafiya, amma har yanzu gurnani yake yana ɗaukewa, toh ya cije daga ciki sai dai sabon kwamfiresa. Wani abu kuma, kwamfiresa irin na inbata, masu ƙara gudu da ragewa, daban suke, nasu ƙafafu ukun duk awo ɗaya suke bayarwa kuma basu da rile, bod, wato allon lantarki, ne ke tuƙa su, kada wani ya ruɗe ka ka basu wuta kai tsaye don gwaji, ƙonewa zasuyi nan take.

Firiza na ƙanƙara amma ƙasa ba sanyi

Wannan itace matsalar da tafi yawa a firij ɗin da aka rubuta No Frost a jikinsa, kuma a nan ne akafi cin kuɗin mutane da sunan gas. In dai firiza tana daskarar da ruwa toh kwamfiresa da gas suna aiki, matsalar iskar ce bata sauka ƙasa. Irin wannan firij sanyinsa a wuri ɗaya ake yinsa, bayan wani murfi a cikin firiza, fanka ce ke hura shi ta wani rami zuwa ƙasa. Buɗe firiza ka danne maɓallin ƙofa da yatsa, ya kamata kaji fanka ta tashi in kwamfiresa na aiki. In shiru, ko kaji tana karta kamar tana dukan wani abu, toh ko ta mutu ko ƙanƙara ta riƙe ta. Kalli murfin bayan, in kaga farin ƙanƙara ya feso ta ramukansa ka gama gano inda matsalar take.

Gwaji mafi sauƙi wanda baya buƙatar ko sukudireba: kwashe kaya, zare wuta, bar ƙofofi a buɗe awa 24 zuwa 48, ka shimfiɗa tsumma don ruwa zai zuba sosai. Kwana ɗaya ɗin nan kada ka gajarta shi don ƙanƙarar dake cikin hanyar iska tana daɗewa bata narke ba. In ka maida wuta kaga sanyi ya dawo ko'ina garau, sai bayan kwanaki ko sati ɗaya zuwa biyu ya sake ɗaukewa a ƙasa, toh tabbas na'urar narkar da ƙanƙara ce ta lalace. Ita wannan na'ura abu uku zuwa huɗu ne suke aiki tare, akwai hita a ƙarƙashin ebaporeta, akwai taima ko bod mai kunna hitar duk bayan wasu awanni, galibi 6 zuwa 12, na kamar minti 20 zuwa 30, akwai baimetal ko sensa dake manne a bututu mai cewa ya isa haka, sai kuma fiyus na zafi a wasu.

Kwance murfin a hankali, in ya manne kada ka fizge akwai wayar fanka a jikinsa kuma soson bayansa mai riƙe sanyi yana karyewa. Narkar da ƙanƙarar da ruwan ɗumi ko na'urar busar da gashi daga nesa don kada robar jiki ta narke. Don Allah kada ka kusanci wurin da wuƙa ko sukudireba da sunan ɓanɓare ƙanƙara, bututun alminiyom ne mai laushi, tsini ɗaya zakaji "fuuu" gas ya tafi, ƙaramin gyara ya zama babba, wannan gargaɗin har da masu ƙaramin firij mai ƙofa ɗaya, su ma sunfi kowa yin wannan ɓarnar. Cire wayoyin hita ka auna, ta wutar 220 mai ƙarfin wat 200 zata baka wajen om 240, ƙanana sunfi haka yawa, muhimmin abu dai kada ta nuna a buɗe, mai gilashi ma da ido zakaga wayar ta tsinke ko gilashin yayi baƙi. Fiyus ɗin zafi ya nuna a haɗe. Baimetal shi kuma yana da wayo, a ɗumi a buɗe yake, sai yayi sanyi sosai yake haɗewa, don haka ka gwada shi tun yana cikin ƙanƙara ko ka saka shi a wata firizar na rabin awa sannan ka auna da sauri, mutane da yawa sun jefar da lafiyayye sabida sun gwada shi da ɗumi. In ya kumbura kam ba sai ka auna ba. Sensa kuma awonta yana hawa in tayi sanyi yana sauka in ka dumtse ta a hannu, in bata motsi ko ta nuna a buɗe ta mutu.

In duk waɗannan lafiya suke saura taima. Tana iya kasancewa a baya kusa da kwamfiresa ko cikin akwatin tamostat, tana da ɗan wurin murɗawa, juya shi da sukudireba ta ɓangaren da yake yarda kawai, a hankali har kaji ƙara mai ƙarfi kwamfiresa ya tsaya, toh ta shiga narkarwa kenan, hita ya kamata ta fara ɗumi cikin 'yan mintuna. In hita tayi zafi ta wannan hanyar amma taimar bata taɓa kai kanta wurin, ko ta shiga ta ƙi fita bayan minti 40, canza ta. Wanda bod ne dashi ba taima, nan kam ni shawarata a bar wa wanda ya san bod.

Kafin ka maida murfi zuba ruwan ɗumi a ramin magudana dake ƙarƙashin ebaporeta ka tabbatar yana fita ta baya cikin farantin dake kan kwamfiresa ko kusa dashi, in ya toshe ruwan zai sake daskarewa ya hau har ya kama fanka. Duba kuma ɗan ƙyauren dake bakin ramin da iska ke shiga ƙasa, shi ma yakan maƙale a rufe.

Sai yanzu muka zo kan gas

Kwamfiresa na aiki ba tsayawa, baya a share, ƙofa lafiya, fanka na juyawa, ba ƙanƙarar da ta toshe komai, amma sama da ƙasa duk ba sanyi. Bar shi yayi aiki minti 20 zuwa 30 sai ka taɓa bututun dake fita daga kwamfiresa zuwa kwandensa, a lafiyayyen firij zakaji shi da zafi, kwandensa ma da ɗumi daga farko yana raguwa zuwa ƙarshe. In kaji ta sanyi ƙalau kamar ba'a kunna ba, toh ko gas ya zube, ko hanya ta toshe, ko kwamfiresa ya gaji baya matsawa. Kalli ebaporeta, lafiyayya farin raɓa ne zai rufe ta gaba ɗaya siriri daidai wa daida, in kuwa a kusurwa ɗaya kawai kaga dunƙulen ƙanƙara inda kafilari ya shigo sauran duk a bushe, wannan alamar gas ya ragu ne ko toshewa. Bi mahaɗan walda da tocila kana neman danshin mai, sabida inda gas ya fita mai yakan biyo shi ya bar tabo, ruwan sabulu ma in ka shafa zai yi kumfa in akwai sauran matsi a ciki.

Daga nan aikin ya fita hannunka, yana buƙatar walda da geji da injin zuƙe iska. Amma ka san abinda zaka nema daga mai gyara don kada a maka aikin rabi. Takardar jikin firij ko ta kan kwamfiresa ta rubuta irin gas ɗin da nauyinsa a giram. Tsofaffi sosai R12 ne, wanda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan illarsa ga sararin samaniya, bayansa R134a ya shigo, yawancin sababbi yanzu kuma R600a ne, shi wannan yana kama wuta, don haka in kana zargin ya zube ka buɗe tagogi kada a kunna ashana ko a tsaya kunna makunni a kusa. Ba'a musanya su, man dake cikin kwamfiresan R134a da na R600a daban ne haka girman injin, wanda yace maka zai zuba R134a a na R600a "zai yi ai" ka sallame shi cikin mutunci.

Aikin kirki shine ya fara nemo inda yake yoyo, in da hali da matsin naitirojin, ba iskar oksijin ba don in ta haɗu da mai tana fashewa, ya toshe wurin, ya canza filta sabuwa tunda an buɗe layin, ya zuƙe iska da danshi da injin bakyum, sannan ya zuba gas da sikeli daidai giram ɗin da aka rubuta. Na R600a sau da yawa bai ma kai giram 100 ba, shi yasa 'yan giram kaɗan sama ko ƙasa suke canza aikin firij ɗin, zubawa da ƙiyasi yana sa bututun komawa ya dinga ƙanƙara har bakin kwamfiresa. Wanda ya zo ya ɗura kawai bai nemi huji ba, bayan wata ɗaya ko biyu zaka sake nemansa. In kuma hujin a cikin bangon firij yake inda soson riƙe sanyi ya rufe, ko kwamfiresa ne ya mutu a firij ɗin da ya riga ya tsufa jikinsa ya fara tsatsa, zauna kayi lissafi da kyau, in kuɗin gyaran ya doshi rabin na sabo ni dai bana ganin ribarsa.

Duk gyaran da akayi, in an kwantar da firij wajen ɗauka a barshi a tsaye aƙalla awa 4 kafin a jona, in ya daɗe a kwance a barshi ya kwana, don man ya koma cikin kwamfiresa. Bayan an kunna kuma a barshi ba kaya na awa biyu zuwa uku, sannan a dinga saka kayan kaɗan-kaɗan, kada ka yanke hukunci kan ko gyaran yayi sai ya cika awa 24 ka duba ma'aunin da ka saka a kofin ruwa.